BAYAN FAGE: Kek ɗin da a ke yankawa a fim

Duk wanda ya daɗe ya na kallon finafinan Hausa ya san wannan sin ɗin. Falo ne na gidan wani attajiri, an rataya balan-balan, 'yan mata sun ci kwalliya sun yi da'ira su na jira. Can sai ga jaruma ta na saukowa daga bene a hankali kamar mai tausayin ƙasa, saurayin ta na tsaye riƙe da wuƙar da a ka ɗaura wa jan kyalle. A tsakiyar falon kuwa, a kan wani ɗan tebur, ga kek nan fari fat, sumul kamar an bi shi da dutsen guga, furanni sun zagaye shi. A yanka, a yi tafi raf-raf-raf, a miƙa wa jaruma nata a faranti (ba a ba ta a baki, don almakashin hukumar tace finafinai ba ya barci), daga nan sai kiɗa ya tashi, a faɗa waƙa.

Gaba ɗaya sin ɗin bai fi minti 2 ba. Samari idon su na kan jaruma, 'yan mata kuma na kan leshin da ta sa da ɗaurin kallabin ta. To amma akwai wasu 'yan kallon, kuma kullum ƙaruwa su ke yi, waɗanda kan tsayar da fim ɗin a waya daidai wurin, su buɗa hoton da yatsu biyu, su ƙura wa kek ɗin ido. Tambayar su ɗaya ce: wai me a ke lulluɓa masa ne ya ke yin sumul haka, ba sawun cokali ba sawun wuƙa?

Sunan abin fondan. Kalmar Faransanci ce, ma'anar ta abu mai narkewa. Kuma ba wani tsafi ba ne. Garin sukari ne mai laushin gaske, wanda masu girki ke kira aisin suga, a ke kwaɓawa da wasu 'yan haɗe-haɗe har ya koma kamar kwaɓin cincin, sai a murza shi ya yi faɗi kamar zane, a ɗauka a yafa wa kek. A baki kam abin ba wuya.

Shi kan sa sin ɗin yanka kek ba a Kano a ka haife shi ba. Gadon finafinan Indiya ne, inda da wuya a yi labarin 'ya'yan masu kuɗi ba a yi bikin bazde ba, jarumi na zaune gaban fiyano ya na waƙar takaici, budurwar sa na can ta na yanka kek da wani. Matasan da su ka taso da kallon irin waɗannan a silimun Marhaba da Falaza da Orion, da su ka fara riƙe kamara sai su ka kwaso shi. A zamanin kaset, lokacin da Sangaya (1999) da Wasila (2000) ke tashe a kasuwar Ƙofar Wambai, ba mai damuwa da kyan kek. In labari ya zo da bazde, a tura yaro kanti ya sayo wanda ya samu, mai shafen bota, a soka masa kyandir, shi ke nan. Hoton kaset ba ya tona asiri. Yanzu kuwa kamara ta yi ido, ko ƙuda ne ya sauka sai an ƙirga ƙafafun sa, don haka dole kek ma ya shiga layin masu kwalliya.

Akwai wata yarinya a cikin birnin Kano, ba sai an faɗi sunan ta ba, wadda ta shigo industiri da burin zama jaruma. Shekara 3 ta na sintiri a ofisoshin 'yan fim na Titin Gidan Zu, amma ba ta wuce fitowa a ƙawar amarya ko 'yar layin baya a rawa ba. Wata rana a lokeshin a ka kawo irin wannan kek ɗin, ta ji abin da furodusa ya biya mai yin sa, ta auna da sallamar da a ka yi mata bayan ta yini a tsaye. Ba ta ce komai ba. Sati bai zagayo ba ta je ta yi rajista a wajen wata mata mai koyar da yin kek a Sabon Gari, wadda ɗalibai ke ce wa Anti.

A zaton ta ranar farko za a ba ta sukari ta fara ƙera furanni. Ina! Sati 2 cur ta yi ba ta taɓa fondan ba. Gashin kek kawai a ke koya mata, da yanke ƙusumbin da ya kan yi a sama, da shafa masa aisin ɗin bota siriri a goge har gefen sa ya miƙe sak. Ranar da ta gaji ta ce, "Anti, ni fa fondan na zo koyo," amsar da ta samu gajera ce: "'Yar nan, fondan ba ya rufa asiri, tonawa ya ke yi." Kuma gaskiyar kenan. Fondan kamar yadin siliki ya ke a jiki. Duk wani tudu ko rami ko ɓurɓushi da ke jikin kek, sai ya fito da shi fili. Yawancin masu koyon da ke ƙorafin fondan ɗin su bai yi kyau ba, a ƙasan sa matsalar ta ke. Kek ɗin ma ba kowane iri ba. Mai laushi fuka-fuka kamar soso ba ya iya ɗaukar nauyin, lotsawa ya ke yi. Sai mai ɗan jiki, wanda ya huce sarai, in so samu ne ya kwana.

Sai a sati na 3 a ka zo kan kwaɓi. Akwai fondan na kanti a roba, amma tsada ta sa yawancin masu sana'ar na haɗa nasu. Haɗin da ya fi shahara shi ne a jiƙa jelatin cokalin cin abinci 1 a ruwan sanyi kwata na kofi, a bar shi ya kumbura, a narkar da shi a kan tururin ruwan zafi ba tare da ya tafasa ba, don tafasa na kashe masa ƙarfi. A zuba gulukos mai yauƙi rabin kofi, da gilisarin cokali 1, da farin man gashi cokali 2. Sannan a juye a cikin aisin suga da a ka tankaɗe, kimanin kilo 1, a yi ta murzawa har ya daina kama hannu. Kowanne da aikin sa: jelatin ne ke sa shi miƙuwa ba tare da ya yage ba, gulukos na ba shi danƙo, gilisarin na riƙe masa laushi. A Nijeriya da yawa kan ƙara wani farin gari da a ke kira CMC, ɗan kaɗan, don ya ƙara masa ƙarfi. In an gama a naɗe a leda ruf, a bar shi ya kwana. Wanda a ka kwaɓa yanzu a ka murza yanzu, gardama ya ke yi.

A nan akwai wata magana da bai kamata a tsallake ba, ko da ya ke da yawan masu koyarwa kan wuce ta da gudu. Jelatin daga fata da ƙashin dabbobi a ke samo shi, kuma kaso mai yawa na wanda ke yawo a kasuwannin duniya daga fatar alade ne. Haka ma farar alawar nan mai taushi, mashmalo, wadda a bidiyoyin Turawa a kan ga an narkar an yi fondan na gaggawa da ita: galibi akwai jelatin a ciki. Saboda haka wajibi ne mai yin kek ta karanta jikin kwali, ta nemi mai tambarin halal ko wanda a ka bayyana na shanu ne ko na kifi, ta guji na ƙulli a leda wanda ba suna ba adireshi. Haka nan in an ga Bature ya na dama garin kalar zinare da wani farin ruwa ya na fenti a jikin kek, sau da yawa giya ce, su na son ta ne don ta na bushewa da wuri. Ruwan lemon tsami ko ɗigon ruwa na yin aikin, illa dai a ƙara haƙurin jira. Wanda ya ba da odar kek ɗin walima bai san duk wannan ba. Amana ce ya ba mai yi.

Ranar yafawa ita ce ranar kuka. Da farko lissafi: a auna faɗin kek, a ƙara tsawon gefen sa sau 2. Kek mai faɗin inci 8 da tsawon inci 4 ya na buƙatar fondan mai faɗin inci 16, a ɗan ƙara don tsaro, wato kusan giram 700. A barbaɗa farin garin masara mai laushi a tebur, a murza da sanda, a riƙa juya shi don kada ya kama, har kaurin sa ya dawo kamar milimita 3 zuwa 4. In ya fi haka siranta ya yage, in ya fi haka kauri nauyin sa ya ja shi ƙasa, mai ci kuma ya yi tsaki. Sai a naɗo shi a jikin sandar, a warware a kan kek. Daga nan hannu ke magana. A fara lallashin saman, a kori iska, a danne bakin gefe da wuri kafin nauyi ya tsaga shi. Sannan a bi gefen a hankali: hannu ɗaya na buɗa tattarar da ta taru kamar ta siket, ɗayan na shafawa ƙasa. Mai koyo kullum so ta ke ta danne tattarar, alhali buɗa ta a ke yi. In iska ta maƙale ta yi ƙululu, a huda da siririyar allura a shafe. A yanke rarar a gindi, a bi da abin gugar roba.

Duk wannan cikin 'yan mintoci ne, don tun da a ka murza shi iska ta fara aikin ta. Na farkon da yarinyar nan ta yafa, sai da ya yage a wuri 3. Na biyu ya yi tattara kamar bujen 'yar makaranta. Anti ba ta ba ta kek na gaskiya ta ɓata ba. A kan gwangwanin gashi da a ka kifa ta yi ta gwaji, ta yafa, ta ɓare, ta sake murzawa, har fondan ɗin ya yi baƙi don dauɗar hannu. Inda ta fi sauran ɗalibai shi ne wajen ado. Ashe ta iya zanen lalle tun ta na ƙarama, kuma hannun da ya saba jan zanen ƙunshi a tafin amarya ba ya rawa in ya riƙe ledar aisin. Wannan ba abin mamaki ba ne. Matan da ke naɗa dubulan da alkaki na gara sun daɗe su na yi wa kwaɓi ado, kayan aikin ne kawai su ka canja. Kek ɗin da a ka yi wa Dagin Arewa ko zanen lalle a gefe ya fi wanda a ka kwaikwayo daga hoton Turawa jan ido, a fim ma ya fi zama da labarin.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban abokin gabar fondan a ƙasar Hausa shi ne yanayi, kuma kowane lokaci da irin muguntar sa.

Da hunturu iska ta bushe ƙayau. Kafin a gama murzawa saman sa ya fara yin yaushi ya na tsattsagewa, abin da masu sana'ar ke kira fatar giwa. Maganin sa a rage barbaɗa gari, a shafa ɗan farin mai a hannu da tebur, a rufe duk wanda ba a aiki da shi, a kashe fanka, a yi sauri. Ga ƙura kuma, wadda farin kek ke kwasa kamar an aike ta. Da damina kuwa, musamman markar Agusta, abin juyewa ya ke yi. Sukari na jawo danshin iska, sai a ga kek ya na ƙyalli, ya na danƙo, furen da a ka tsayar jiya ya sunkuyar da kai, jan launi ya fara zirara cikin fari. A nan a ke rage gilisarin, a ƙara CMC, a kunna fankar da a ka kashe da hunturu. Da bazara, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40 a watan Afrilu, fondan ɗin kan iya jurewa, amma botar da ke ƙarƙashin sa ba ta iyawa, don ita tun zafi bai kai digiri 35 ba ta ke sakin jiki. In ta narke, rigar gaba ɗaya sai ta zame, gefen kek ya yi tumbi.

Mai koyo za ta ce ai ga firji. To firjin ma da nasa sharrin. Kek mai sanyi in ya fito cikin iska mai ɗumi, raɓa ce ke sauka a jikin sa, kamar yadda kwalbar lemo ke yin gumi. Wanda bai sani ba sai ya sa tsumma ya goge, ya ɓata aikin kwana 2. Ba a taɓa shi. A bar shi gaban fanka ya bushe da kan sa, ko tun farko a sa shi cikin kwali a rufe, kwalin ya sha raɓar. Wannan ma in akwai wutar kenan. Sunan kamfanin ya canja daga NEPA zuwa PHCN a 2005, ya koma KEDCO a 2013, amma har gobe in fitila ta mutu Nepa a ke kira, kuma mai yin kek da ba ta sa kuɗin man janareto a lissafin ta ba, aikin banza ta ke yi.

Duk wannan karatun yarinyar nan ta haddace shi, amma sai da ta biya kuɗin makaranta na biyu a lokeshin. Wani furodusa da ta sani ya ba ta aikin kek ɗin sin ɗin baiko, hawa 2, fari da jan ɗamara. Da damina ne. Ta kwana ta na aiki, ta kai firjin maƙwabta, da safe ta rungumo shi a cinya a cikin A-daidaita-sahu, kowane rami sai gaban ta ya faɗi. An ce mata ƙarfe 10 za a ɗauka. Duk wanda ya san lokeshin ya san ƙarfe 10 ɗin 'yan fim: jarumi ya na wani aikin a wata unguwa, jaruma na wajen kwalliya, mai gidan da a ka ara ya fita da makullin falo. Ba a kunna fitilu ba sai bayan la'asar. A lokacin kek ya sha gumi ya ƙoshi, jan ɗamarar ya zubo kamar an yanka kaza a kai, hawan sama kuma ya karkace, don ta manta ba ta soka sandunan da ke tokare nauyi a cikin na ƙasa ba. Darakta ya juya shi, ya ɓoye ɓarin da kwandon furanni, ya ɗauka daga nesa. Da ta je karɓar cikon kuɗin ta, furodusa ya ce, "Haba ƙanwata, wannan ai sai dai mu ce Allah ya ƙara basira." Ta ce, "Yallaɓai, ƙarfe 10 fa ka ce." Ya ce ta dawo jibi. Jibin 'yan fim kuwa kowa ya san ta.

Da ta koma ta na hawaye, Anti ba ta rarrashe ta ba. Ɗaki ta shiga ta fito da wani farin abu mai siffar kek, mara nauyi, irin farin soson nan mai ƙarfi da a ke tokare talabijin da shi a kwali. Domi a ke ce masa, wato kek na bogi. A shafa masa ɗan ruwa ko mai, a yafa fondan, a yi ado, ba mai bambance shi da na gaskiya ko da ya sa hanci. Ba bota a ciki balle ta narke, ba ya lotsawa, ya na iya yin makonni. Don aikin fim kuwa ya na da wani amfanin da ya fi wannan. Kek na gaskiya sau ɗaya a ke yanka shi. In jaruma ta yi dariya a inda bai kamata ba, ko mai riƙe da makirfo ya leƙo cikin hoto, darakta ya ce a sake, to da wane kek? Mai kula da kwantinuwiti sai ya shiga uku. Dabarar ita ce a yi domi, a yanke masa gurbi ɗaya a baya, a cusa yankan kek na gaskiya a rufe da fondan, a tanadi wasu yankan 2 ko 3 a gefe. Wuƙa ta shiga daidai wurin, kamara ta ga kek, 'yan kallo su haɗiyi yawu. Kallon kitse a ke yi wa rogo.

Kuma ba a fim kaɗai ba. Da yawan dogayen kek masu hawa 5 ko 6 da a ke gani a wuraren dina, hawa ɗaya ko biyu ne na ci, sauran soso ne. Ba laifi ba ne matuƙar mai biki ya sani, kuma an yi masa farashin soso. Laifin shi ne a ɓoye.

Su ma Turawan da su ka kawo al'adar sun daɗe su na gasar girman kek. A bikin Sarauniya Biktoriya ta Ingila a 1840, an yi kek mai nauyin kusan fam 300 da farin shafen sukari mai tauri, wanda har yau a ke kiran irin sa aisin ɗin sarauta. A bikin Yarima William a 2011, Fiona Cairns ta yi kek mai hawa 8 da furannin sukari kimanin 900. Talabijin ce ta ƙara wa abin armashi: shirin Cake Boss na Buddy Valastro da a ka fara a Amurka a 2009 ya sa matasa da yawa a duniya sha'awar sana'ar, sai kuma Is It Cake? na Netflix a 2022, inda a ke yin kek mai kama da jaka ko takalmi har alƙalai su kasa ganewa. Kallon su na da daɗi, amma masoyin fim ya fi kowa sanin abin da a ke kira editin. Aikin awa 10 ne a ke matsewa ya koma minti 5, an yanke inda ya yage, an yanke inda a ka sake. Sannan a ɗaki mai na'urar sanyi su ke aiki, ba a kicin ɗin da rufin kwano ke tafasa ba. Wadda ta ce daga kallo kaɗai za ta ƙware, daidai ta ke da wanda ya ce zai zama darakta don ya kalli kaset 1,000.

Me ya kawo duk wannan magana a shafin fim? Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Harkar fim, musamman ga mata, rumfar kara ce. Al'adar industiri ita ce in 'yar wasa ta yi aure ta bar fitowa, in kuma auren ya mutu ta dawo, sai ta tarar wasu sun cike gurbin. Ko ba aure, guguwa kan taso. A watan Satumba na 2007 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, ta dakatar da ɗaukar fim na wata 6. Manya sun tattara sun koma Kaduna da Jos, amma ƙananan 'yan wasa da ke ci daga sallamar yau da gobe su ne su ka ji a jikin su. Daga baya kasuwar sidi ta mutu, a ka koma finafinai masu dogon zango a YouTube da Arewa24, a 2020 kuma kullen korona ya rufe kowa a gida. A kowane karo, waɗanda ke da abin yi a hannu, ɗinki ko kwalliya ko turaren wuta ko girki, su ne ba su yi yawon roƙo a waya ba. Yin kek na da wata falala: matar aure na iya yin sa a cikin gidan ta, kuma bikin aure da suna da saukar karatu ba sa jiran izinin wata hukuma. Samari ma kada su ce aikin mata ne. Shi Buddy ɗin da a ke kallo ai ƙato ne.

Sai dai kada wani ya ɗauka kuɗi ne a ƙasa. Kayan haɗin na da tsada, farashin sukari da fulawa a kasuwar Singa ba ya zama wuri ɗaya, kuma sabuwar mai koyo kan yi kuskuren ƙirga kuɗin kaya kawai, ta manta da gas da kwali da mota da daren da ta raba ba barci. Baƙin launi da ja na cin kala da yawa, kuma sai sun kwana su ke nuna ainihin kan su, don haka mai gaggawa kan zuba fiye da kima har ya yi ɗaci. Ga kuma abin takaicin da ba a faɗa wa ɗalibai: mutane da yawa ba sa son cin fondan. Zaƙin ya yi musu yawa. A wajen biki sai a ga an ɓare rigar da a ka kwana a na gogewa an ture ta gefen faranti, an cinye na cikin. Saboda haka in na cikin bai yi daɗi ba, odar farko ita ce ta ƙarshe, komai kyan hoton.

Ita dai yarinyar nan yanzu ba ta kunna oben sai an ba ta fiye da rabin kuɗin aiki, ko da kuwa wanda ya ba da odar ubangidan ta ne a industiri. Ta kan tambayi ƙarfe nawa za a ɗauka, sannan ta ƙara awa 6 a ran ta. Kek ɗin ta na biyu ya fito a wani fim mai dogon zango, an nuno shi kusa har sau 2, an yanka sau 3 kafin darakta ya gamsu, bai ko motsa ba. Da sunaye su ka hau a ƙarshen fim, akwai na mai kwalliya, da na mai abinci, da na direban bas, har da godiya ga mai gidan da a ka ara, amma ba na mai kek. Washegari ta je ta karɓo domin ta, ta jiƙa shi a ruwan ɗumi, ta ɓare tsohon fondan ɗin, ta shanya shi a inuwa, don akwai wani furodusan da ya ce ya na son mai ruwan hoda ranar Asabar.